Muryar Baba a Bakin Aku

'Yan uwa masu bibiyata, na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto cewa in ban faɗi yadda aka ƙare da maganar Aku ba, to ta daina kula ni. Ki yi haƙuri, wallahi ba jan aji nake ba. Kwana da kwanaki ina ɗaukar waya ina ajiyewa, don abin da ya faru a gidanmu ya fi ƙarfin in rubuta shi a tsaitsaye. Yau na rufe ƙofar ɗakina na zauna, kuma zan faro daga tushe saboda waɗanda yanzu suka shigo.

Ni ce auta a gidanmu. Mu biyu ne kacal, ni da Yayana, sai Umma da Baba. Ina aiki a wani kantin magani, ni ce mai tsayawa bayan kanta ina fama da rubutun likitoci. Wanda nake so kuwa, kowa Aku yake ce masa, har mahaifiyarsa. Sana'arsa kwaikwayon murya. Ba ya waƙa, ba ya rawa. Zai hau dandamali da makirufo ɗaya tal, sai ka ji ya zama direban bas, ya zama tsohuwa mai neman ragi, ya zama babur ɗin da ya ƙi tashi. In ya saurare ka minti biyar ya gama ɗauke ka, har da yadda kake jan numfashi kafin ka shara ƙarya.

Ranar da muka haɗu maganin maƙogwaro ya zo saye. Na ce masa, "Sau uku a rana, bayan cin abinci." Sai ya maimaita min da muryata sak, har uwar ɗakina ta leƙo daga ciki tana tambayar me ya sa nake faɗin abu sau biyu. Na ɗaure fuska tamau, amma ranar na koma gida ina murmushi ni kaɗai a cikin bas kamar zautacciya.

Baba kuma shekara talatin da ɗaya ya yi yana shugabantar ɗakin injina a wata maɗaba'a. Wanda ya taɓa shiga irin wurin ya san ƙarar da ke ciki, ko kusa da kunnenka aka yi magana sai ka ce a sake. To muryar Baba ta fi injinan, shi ya sa ma'aikata suka sa masa Tsawa. Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya kayar da shi a wurin aiki, ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙafa ta dawo, hannu ya ɗan dawo, amma harshe ya ƙi. Kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito, kuma ta fito a karkace. Tun daga nan Baba ya daina magana a gaban baƙi. Wata huɗu Aku yana zuwa gaishe shi, yana durƙusawa a gaban kujerarsa ta bakin taga, Baba sai dai ya gyaɗa kai. Mun aika masa ta bakin Umma cewa iyayen Aku suna son zuwa su gana da shi, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Yaya kuwa tun ranar farko ya yanke nasa hukuncin, wai ba za a ba da ƙanwarsa ga mutumin da ba shi da muryar kansa ba.

Ranar wata Talata da rana ina tsaka da jera kwalaye sai saƙo ya shigo.

"Auta, kina da minti goma in kin tashi? Magana ce, ba ta waya ba."

Ni kuwa zuciyata ta ba ni cewa maganar zuwan iyayensa ce. Na shiga bayan kanti na gyara ɗaurin ɗankwalina, na ƙara jan baki, na ari turaren uwar ɗakina ba da saninta ba. Ku yi min dariya, na cancanta. Na same shi a cikin 'yar motarsa mai ƙofa ɗaya da ba ta buɗuwa daga waje, fuskarsa babu walwala ko kaɗan. Ko tsokanata bai yi ba. Ya ɗora wayarsa a kan cinyarsa ya danna.

"Kai! Wa ya bar takarda a ƙasa? Injin lamba biyu, a kashe min shi yanzu-yanzu!"

Muryar Baba ce, ta da, cikakkiya, wadda in ta kira ni daga falo sai na saki abin da ke hannuna. Shekara biyu rabon da in ji ta. Ban san lokacin da hawaye suka wanke kwalliyar da na ɓata lokaci ina yi ba.

"A ina ka samu wannan?"

Ya ce ƙungiyar ma'aikatan maɗaba'ar ce za ta yi taronta na shekara ranar Asabar, sun sayar da tikiti, sun ɗauke shi ya ba su dariya na awa guda. Sakataren ƙungiyar ya ce masa akwai wani tsohon shugabansu, Tsawa, shi jama'a suka fi so a kwaikwaya. Don ya koyi muryar, sai suka kwaso duk saƙonnin murya da mutumin ya taɓa turawa a guruf ɗinsu na aiki, sama da sittin, suka jibga masa ba tare da sun tace ba.

"Sati uku ina koyon muryar nan, Auta, ban san ta Baba ce ba. Ni ban taɓa jin sa da lafiyarsa ba. Jiya Sakatare ya turo na ƙarshe, a cikinsa na ji an kira sunansa na gaskiya."

Ya sake dannawa. Wannan karon ranar da aka yi wa Baba sallama ce a wurin aiki, wani ya naɗa a ɓoye. Baba yana ƙoƙarin cewa ya gode, kalmar ta maƙale, yana ja yana ja, ana jin wani can baya yana danne dariya. Na fizge wayar na kashe.

"Suna so in yi na da, sannan in yi na yanzu," in ji shi. "Wai a nan daɗin yake."

"Ka mayar musu da kuɗinsu. Yau ɗin nan."

"Na ce wa Sakatare ba zan yi ba. Ya ce ba damuwa, akwai wani mai barkwanci da zai zo, shi kuma da kansa zai saka naɗin a lasifika."

"To ina ruwanka? Kai dai ka tsame hannunka."

"In na tsame hannuna kaina kawai na wanke. Ɗakin nan zai cika ko da ni ko ba ni, makirufo kuma zai koma hannun wanda bai san Baba ba. Na ce masa zan zo, amma da sharaɗin lasifika tana hannuna har in sauka, ba mai saka komai. Na ce zan yi Tsawa yadda na ga dama. Ya yi dariya, wai in jama'a suka matsa ai zan yi."

"In suka matsa fa?"

"Ban san me zan yi ba tukuna. Na dai san abin da ba zan yi ba."

Kun ji fa. Da ma ya yi min ƙarya ya ce ya gama shirya komai, da na samu na riƙe. Na fita na buga masa ƙofar da ƙarfi, har marfin madubinta ya faɗo. Da na isa gida na tarar da saƙo: "Kin bar jakarki. Kuma kin karya min madubi. Duk na yafe." Ban ba shi amsa ba, amma sau huɗu na karanta.

Ban gaya wa kowa ba a gida. Ashe ba sai na faɗa ba. Ranar Alhamis da yamma Umma tana guga a tsakar falo, ni ina ninke mata, Baba yana kujerarsa yana kallon titi, sai ga Yaya ya faɗo ko sallamar kirki babu. Yaya makaniken lantarki ne, har da jakar kayan aikinsa a kafaɗa ya shigo. Ya miƙa wa Umma wayarsa. Hoton sanarwar taron ne, ga fuskar Aku yana dariya, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa Tsawa zai dawo.

"Umma, ga surukin naki. Kuɗi aka ba shi ya je ya yi wa Baba tsirara a gaban yaransa."

"Ba haka ba ne, Yaya," na ce, duk da ni ma fushi nake da shi. "Bai san Baba ba ne lokacin da ya karɓa."

"Yanzu da ya sani fa? Ya janye?"

Na ci gaba da ninke kayan. Umma ta kife dutsen guga a kan rigar Baba ta manta da shi, sai da na ɗage.

"Duk wanda ya karɓi kuɗin mutanen nan ya tsaya a gabansu, nasu ne," in ji Yaya. "Ba wani bayani."

"Sana'arsa ce fa. Kai in ka ja wa mutum waya a gida, kana tambayarsa abin da zai kunna da ita?"

"Kada ki haɗa ni da shi, Auta. Ni ina gama aikina nake tafiya. Shi kuwa tsayawa yake a gaban mutum ɗari biyu, da bakinsa yake nuna musu abin da za su yi wa dariya. In sun yi, shi ya sa su."

Abin da ya ba ni haushi, kusan maganar da Aku ya sha faɗa min ke nan game da aikinsa. Su biyun nan da za su zauna su saurari juna da sun sha mamaki. Muna ta ɗaga murya, mun manta gaba ɗaya cewa wanda muke maganar a kansa yana zaune a ɗakin. Haka muke yi masa tun da ya kwanta, Allah ya yafe mana, mu yi ta magana a kansa kamar ba ya ji. Sai muka ji ya buga sandarsa a ƙasa sau biyu.

"Yau... she?"

"Asabar, Baba," na ce. "Ƙarfe uku."

Ya mayar da fuskarsa taga.

Ranar Asabar ƙarfe biyu na fito daga wanka na ga abin da ya tsayar da ni. Baba ya shirya tsaf. Ya sa rigarsa ruwan toka wadda rabonsa da ita tun yana aiki, ya sa hula, ya ɗaura agogonsa a hannun da ke da lafiya, takalmansa har sheƙi suke. Shi kaɗai ya yi duk wannan, maɓalli ɗaya ne kawai ya saɓa. Ya nuna ni da sanda.

"Kai... ni."

Umma ta durƙusa tana roƙonsa. "Don girman Allah ka rufa mana asiri, in jininka ya sake hawa fa?" Yaya ya ce shi ƙafarsa ba za ta taka wurin ba, kuma duk abin da ya faru ni ce. Baba bai kalli ko ɗayansu ba, ni yake kallo. Na zura doguwar rigata baƙa, na yafa mayafi, na gyara masa maɓallin, na fita na tsayar da tasi.

Yanzu ga abin da nake jin kunyar faɗa, amma na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba. A cikin tasi na rubuta wa Aku, "Baba yana zuwa." Na kalli saƙon, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. So nake in ga abin da zai yi in bai san muna kallonsa ba. Na ɗora lafiyar mahaifina a kan gwajin saurayi.

A ƙofar ɗakin taron wani dattijo ne yake yanka tikiti. Yana ɗaga kai ya ga Baba sai takardun suka zube daga hannunsa.

"Ranka ya daɗe! Kai ne? Wallahi ni ba na cikin..."

Baba ya ɗora yatsa a leɓe. Dattijon ya matsa mana mu wuce haka nan, Baba ya ƙi, ya sa hannu a aljihu ya sayi tikiti biyu kamar kowa. Muka zauna can baya, a bayan wani ginshiƙi, inda fanka ɗaya take juyawa da ƙyar. Kujerun roba ne jere-jere, mutane sun kai ɗari biyu, wasu da matansu, ana ta raba lemo. 'Yan gaba-gaba samari ne, a tsakiyarsu wani mai jar hula yana ta kai da kawo da takarda a hannu, shi ne Sakatare.

Sai Aku ya fito, da farar riga mai dogon hannu, ya naɗe hannun zuwa gwiwa. Jama'a, na sha ganinsa yana wasa da murya a mota da waya, amma ban taɓa ganinsa a bakin aikinsa ba sai ranar. Bai gaisa ba, bai ce komai ba. Ya kai makirufo bakinsa, sai ga ƙarar injin buga takarda ta cika ɗakin, tiryan-tiryan, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya ɗauka. Mutane suka fashe, wani ya yi ihu, "Lamba biyu ke nan wallahi!" Daga nan ya zama mutumin da ya kawo aikin kati yau yana so jiya. Ya zama mai gadin da ke barci yana amsa sallama. Ya zama Sakatare yana karanta sanarwa, har da yadda yake cewa "a taƙaice" sau tara. Matar da ke gabana ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Na lura da wani abu: duk wanda ya kwaikwaya, shi ya fi kowa dariya. Yana taɓa mutum ne daidai inda ba zai ji ciwo ba. Na ji fushina yana narkewa ba da izinina ba, na ce a raina, yarinya ki nutsu, ba a zo wurin ba tukuna.

Sai ya tsaya. Ya buɗe ƙafafu, ya sa hannu ɗaya a ƙugu, ya cika ƙirji.

"Kai! Wa ya bar takarda a ƙasa?"

Wallahi mutum uku na gani sun miƙe tsaye kafin su tuna inda suke. Ɗakin ya kece da ihu da tafi. Ya yi ta zuba musu, faɗan makara, faɗan tawada, faɗan wanda ya ci abinci kusa da injin. Na juya a tsorace na kalli Baba, na ga kafaɗarsa tana rawa. Na kama hannunsa na ɗauka ciwon ne. Ashe dariya yake, bakinsa a karkace, hawaye na bin kumatunsa.

Ana cikin haka Sakatare ya ɗaga hannu. "Saura na yanzu!"

Samarin gaba suka ɗauka, suna buga kujeru. "Na yanzu! Na yanzu!" Abin ya fara yaɗuwa zuwa tsakiya, har waɗanda na tabbata ba su san me ake nufi ba suka shiga. Hannun Baba ya yi tauri a cikin nawa. Na fara neman hanyar fita da ido.

Aku ya bar su suka yi har suka gaji. Sannan ya sake magana da muryar Tsawa, amma ƙasa-ƙasa, irin wadda ko ni ban cika sanin Baba da ita ba.

"Kai yaro, ajiye aikin nan ka tafi asibiti wajen matarka. Ni zan tsaya a injinka. Kada ka bi ta ofis."

Buga kujerun ya ragu.

"Littafin nan da aka buga a juye, ni na sa hannu a kai. A rubuta sunana, kada a taɓa albashin kowa."

Wani daga cikin samarin gaba ya sunkuyar da kai.

"Wanda ya ji hannunsa na rawa ya zo ya faɗa min. Na fi son in rasa aiki da in ga yatsan ɗan wani a cikin injin."

Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai fankar nan. Bai ambaci sunan kowa ba, amma da ganin fuskoki ka san waɗanda aka tura wa saƙonnin suna zaune a wurin. Ya sauke kafaɗunsa ya dawo muryarsa, wadda Yaya ya ce ba shi da ita.

"Duk waɗannan ku kuka turo min, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Ɗayan da ake nema kuma, na iya shi, ba zan yi muku ƙarya ba. In na yi za ku yi dariya, ba wanda zai iya riƙewa, aikina ke nan. Gobe kuma ku tashi kuna jin kunyar kanku, kuma ni na jawo muku. Ba don wannan kuka ba ni kuɗinku ba."

Kada ku ɗauka kowa ya tashi yana tafi. Sakatare ya miƙe yana ihu, "Mun biya ka! Wa'azi muka ce ka zo ka yi mana?" Wani ya jefo robar ruwa ta bugi Aku a kafaɗa. Wajen mutum talatin suka fice suna zage-zage. Dattijon ƙofa kuwa yana tsaye yana share ido da hularsa. Shi kuma gogan ya ɗauki robar, ya buɗe ya sha, ya ce ya gode da ma ƙishi yake ji, ya koma kan direban bas kamar ba abin da ya faru, don sauran mintinsa ashirin kuma ba ya cin haƙƙin waɗanda suka zauna. A daidai nan na san na gama yawo. Ko Baba ya yarda ko bai yarda ba, zuciyata ta riga ta zaɓa, kuma na ji tsoron hakan sosai.

Baba ya ja mayafina muka fita kafin a tashi. Sai da muka shiga gida, Umma ta tare mu tana duba fuskarsa, sannan ya juyo gare ni.

"Kira... shi. Gobe."

Kafin magariba saƙon Aku ya shigo. "Na ɓata da su. Ban sani ba ko na gyara da ke."

"Baba ya ce ka zo gobe ƙarfe huɗu."

"Har labari ya kai masa?"

"Yana wurin. Ni na kai shi."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake, ya tsaya. Can sai ga kalma biyu: "Auta. Haba." Na ba shi haƙuri, ya ce zai yi tunani, amma sai na biya madubi.

Washegari ya zo da riga mai ruwan ƙasa, an goge ta har tana tsayawa da kanta. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa a gaban kujerar Baba. Umma ta kawo shayi ba wanda ya taɓa. Yaya yana jingine da bango ya harɗe hannu, ni kuma ina bakin labulen ɗakina, rabin jikina a ciki. Yaya ne ya fara.

"An ba ni labari, kuma na ji ka yi ƙoƙari. Amma ka tsaya a gaban mutane da muryar mahaifina, sun yi dariya, kuma ba ka nemi izininsa ba."

"Gaskiya ne, Yaya," in ji Aku. "Tun ranar da na gane ya kamata in zo nan in faɗa masa. Tsoro ne ya hana ni. Wannan laifina ne."

Shi Yaya faɗa ya shirya, ba wannan ba. Baba ya ɗaga yatsa, muka nutsu.

"Lamba... biyu... ba haka... yake... tari ba."

Umma ce ta fara fashewa, sai ni, har Yaya sai da ya juya fuska bango. Aku ya ce a yi masa afuwa, zai gyara in Baba zai koya masa.

Daga nan Baba ya zaro wata takarda daga aljihu, a ninke. Ya rubuta ta da hannun hagu, baƙaƙen manya-manya a karkace, na hango layi biyu ne. Ya miƙa wa Aku, ya nuna maƙogwaronsa, sannan ya nuna na Aku. Duk muka gane. So yake a karanta mana da muryarsa ta da. Na kalli Umma, ta dafe ƙirji, idanunta sun cika. Ita ba ta je taron ba, shekara biyu ba ta ji muryar mijinta yadda ta san ta ba. Ni ma wallahi so nake ya karanta.

Aku ya karanta a zuci. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ninke ta ya riƙe da hannu biyu.

"Baba, ku gafarce ni. Komai kuka ce in faɗa da muryarku zan faɗa, Umma ma in tana so kullum zan zo in yi mata. Amma ban da wannan. In daga bakina ta fito, tawa ce. Ku faɗa da kanku, ba inda za mu je."

"Ka ji rashin kunya ko?" in ji Yaya. "Ka san ba ya iya..."

Sandar Baba ta bugi ƙasa. Ya kalli Aku kallon da na san shi da shi tun ina ƙarama, wanda ke sa mutum ya tuna laifin bara. Aku bai ɗaga kai ba, bai kuma buɗe takardar ba. Ni dai na ce shi ke nan, ya kashe mu da bakinsa.

Baba ya gyara zama. Ya ja numfashi. Leɓensa ya yi rawa, sautin farko ya fito ya karye. Umma ta yunƙura za ta taya shi kamar yadda muka saba, ƙarasa masa magana kafin ya gama, sai ta fasa ta koma ta zauna. Ya sake gwadawa, gumi ya tsattsafo a goshinsa. Ba wanda ya motsa.

"Ka... turo... iya... iyayenka."

Na zame a jikin labule na zauna a ƙasa ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Umma tana ta hamdala. Aku ya kifa goshinsa a gwiwar Baba, kuma mutumin da ke da murya ɗari a bakinsa ya kasa fitar da ko ɗaya. Baba ya jingina da kujera ya rufe ido, ya gaji liƙis. Yaya ya ɗauki makullinsa ya fita ba sallama.

Da dare na tuna cewa layi biyu na hango, Baba kuma ɗaya ya faɗa. Na tura wa Aku saƙo ina tambaya, na yi magiya, na yi barazanar fasa auren da ko rana ba a sa ba. Amsarsa ta zo a gajarce.

"Na biyun ba namu ba ne, na Yaya ne. Shi ma Baba zai faɗa masa da bakinsa."

Na rasa yadda zan yi da saƙon, sai na tura wa Yaya shi yadda yake. Ya karanta, bai amsa ba. Amma yau kwana shida ke nan, kullum in ya tashi daga aiki sai ya biyo gida da jakarsa a kafaɗa, ya jawo kujera kusa da ta Baba a bakin taga, ya kashe wayarsa, ya zauna yana jira.